Yadda na ɗora tayil a kan teburin katako, daga shimfiɗa har cike tsaga

Filin saman teburin da na rufe da tayil tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa kuma wajen 60. Ƙafafunsa katako ne mai ƙarfi, samansa falankai uku da aka jera aka manne da juna. Tayil ɗin da na zaɓa fosilin ne, wato irin mai tauri da kusan ba ya shan ruwa, santimita 10 kowane gefe, kaurinsa milimita 8. Abin da na fara yi, tun kafin in buɗe buhun gam, shi ne kwance falankan nan uku in jingine su a gefe. Wanda bai san aikin ba zai ce ɓarna ce, tunda lafiyarsu ƙalau, ga su sumul. To amma katako abu ne mai numfashi. In iska ta yi danshi ya sha ya kumbura, in ta bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ba ta tsawo ba. Saman katako mai faɗin santimita 60 yana iya ƙaruwa ko raguwa da milimita da dama tsakanin damina da rani. Tayil da siminti kuwa ba su san wannan wasa ba. In abin da ke ƙarƙashinsu ya motsa, ba sa miƙewa, sai dai su tsage ko su saki. Yawancin teburan da ake gani tayil ɗinsu yana ɓanɓarewa bayan shekara guda, ba gam ne ya ci amana ba, shimfiɗar ce tun farko ba ta dace ba.

Filawud mai kauri milimita 18 na sa a madadinsu, irin wanda aka manne da gam mai jure ruwa. An jera fallayensa ne wannan ta gicce wancan, saboda haka kowace tana riƙe 'yar'uwarta, motsin ya zama ƙalilan. Allon nan da ake yi da garin katako a matse ba ya wannan aiki ko kusa. Da zarar ruwa ya samu hanyar shiga sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake.

Ban yanka filawud ɗin nan take ba. Na fara jera tayil a ƙasa, babu gam, da 'yan robobin nan masu siffar alamar tarawa da ake sawa a tsakani, waɗanda masu aikin ke kira sifesa, masu kauri milimita 3. Wannan jeren na gwaji shi ne ke nuna girman da saman zai zama. Girman da aka rubuta a kwali ba kullum yake zama daidai ba, wani tayil ɗin da aka ce santimita 10 ne sai ka auna ka tarar ya gaza da milimita 2, shi ya sa na jera guda goma na auna su gaba ɗaya da tef. Nawa sun cika 10 cif. A faɗi, tayil shida da tsaga biyar a tsakaninsu, da ratar milimita 3 a kowane baki, sun ba ni santimita 62.1. Da na nace sai 60, da dole in yanke santimita ɗaya daga jikin kowane tayil na gefe, guda 24 ke nan, kuma cire siririn yanki irin wannan daga fosilin aiki ne mai cin rai da fasa kaya. Sai na faɗaɗa filawud ya bi tayil. Katako ya fi sauƙin yanka nesa ba kusa ba, in da hali shi ya kamata ya bi, ba a tilasta wa tayil ba.

Tsawon ne ba ni da damar ƙarawa, don wurin da teburin ke zama ba zai ɗauka ba. Nan sai lissafi. In na sa tayil guda a tsakiyar tebur na yi ta jerawa hagu da dama, abin da zai rage a kowane ƙarshe ɗan yanki ne da bai kai santimita 3 ba, mai muni a ido, mai saurin ɓallewa. In kuwa tsaga ce ta hau kan layin tsakiya, tayil biyar cikakku za su zauna a kowane ɓangare, na shida a yanka shi ya koma santimita 8. Na biyun na ɗauka. Jimilla tayil 72, guda 12 kawai za a yanka. Na sayi 80, duk daga rukuni ɗaya. Akwai lamba a jikin kwali da ke nuna gashin da tayil ya fito, kuma kwali biyu masu lamba daban suna iya bambanta a launi ko a girma, abin da ba za ka lura da shi ba sai an gama an share.

Akwai maganar nauyi da ake yawan mantawa. Fosilin mai kauri milimita 8 yana kai wa kilo 18 zuwa 19 a kowace murabba'in mita. Haɗa da allon siminti da gam da abin cike tsaga, teburin nan ya ƙaru da fiye da kilo 20, ban da filawud. Na ƙara ɗaure ƙafafun, na kuma gitta katako biyu a ƙarƙashin saman. Gwajin mai sauƙi ne: ka dafa tsakiyar da tafin hannu ka danna da nauyinka. In ka ji ya lotsa ko da kaɗan ne, ƙara maƙari. Na shafe ƙasan filawud da gefunansa da banish, don kada ya riƙa shan danshi ta baya alhali samansa a rufe yake, wanda hakan ke sa shi lanƙwasa.

A kan filawud na ɗora allon siminti mai kauri milimita 6. Ba ƙarfi yake ƙarawa ba, kada a yi masa wannan zato. Amfaninsa shi ne ba ya kumbura da ruwa, kuma gam ɗin siminti yana kama shi kamun da ba ya yi wa katako. Na shafa gam a filawud da cokali mai haƙora, na kwantar da allon, na ɗaure shi da sukuru masu tsawon milimita 25 a tazarar santimita 15 zuwa 20, kawunansu sun nutse daidai da fuskar allon, ba su fito ba, ba su kuma fasa shi ba. Gam ɗin da ke ƙarƙashi aikinsa cike duk wani gurbi ne don kada allon ya riƙa lilo. Allona yanki ɗaya ne. In da an haɗa biyu, sai a bar rata milimita 3 a tsakani, a ɗora ragar da ke jure siminti a kan mahaɗar, a shafe da gam. Wanda bai samu allon siminti ba zai iya ɗora tayil kai tsaye a kan filawud, da sharaɗin ya fara shafa masa ruwan share fage na akirilik da aka yi don wannan aiki, ya kuma yi amfani da gam mai lanƙwasuwa. Abin da ba a yi shi ne a tsinka farin gam ɗin kafinta da ruwa a shafa. Fata yake yi a saman katako, gam ɗin tayil ya kama fatar maimakon katakon, ranar da danshi ya isa gare ta kuma ta yi laushi, komai ya taso tare.

Bakin teburin katako na yi masa, mai kauri milimita 15, an yanka kusurwoyinsa a digiri 45. Samansa dole ya zo daidai da fuskar tayil. Don in samu tsayin, na ɗora tayil a kan kwali mai kauri milimita 3, wanda ke wakiltar gam, na ja layi. In bakin ya fi tayil tsawo, ya zama madatsa, ruwa da ƙura su taru a lungu. In ya gaza, gefen tayil ya fito tsirara, shi ne kuma wurin da ya fi saurin gutsurewa. Na yi masa banish sau biyu kafin in kusanto da siminti, na rufe samansa da salatif na takarda, saboda ruwan siminti yana baƙanta ɗanyen katako, tabon kuma samfefa ba ta cika fitar da shi ba.

Daga nan na ja layuka biyu a kan allon, ɗaya ta tsawo, ɗaya ta faɗi, suka gitta a tsakiya. Na tabbatar kusurwarsu ta miƙe da lissafin magina na uku, huɗu, biyar: santimita 30 a wannan layi, 40 a wancan, tsakanin alamomin biyu ya ba da 50. Na yanka tayil 12 ɗin tun kafin in kwaɓa gam. Injin hannu mai ƙaramar taya yana karta tayil sau ɗaya, sannan a danna ya rabu. Sau ɗaya tak ake kartawa, da ƙarfi daidai daga farko zuwa ƙarshe. In aka maimaita, layi biyu ake samu, tsagar ta rasa wanda za ta bi. Santimita 2 da nake cirewa ya yi siriri ga wannan inji, na fasa biyu, sai na koma giranda mai faifan daimon. Ƙurar yankan tayil tana ɗauke da silika, tana lalata huhu, don haka a waje na yi, da takunkumi da tabarau, ina jiƙa layin yankan. Bakin da aka yanka na goge shi da dutsen gogewa, kuma shi ne ke fuskantar katakon baki.

Gam ɗin garin siminti na yi aiki da shi, ba wanda ke zuwa a kwaɓe cikin bokiti ba. Na bokitin sai ruwansa ya ƙafe yake ƙarfi. Fosilin kuwa abin da yake sha na ruwa bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa ba, to ta ina ruwan zai fita? Sai ya yi kwanaki a jiƙe a ƙarƙashi, kuma ko ya bushe, in ruwa ya sake taɓa shi zai yi laushi. Na siminti ba bushewa yake yi ba, haɗuwa yake da ruwan ya daskare. A jikin buhu akan ga haruffa irin na ma'aunin Turai: C1 na gama-gari ne, C2 an ƙara masa sinadarin da ke ƙarfafa kamu, S1 kuma yana nufin yana ɗan lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba. Ga fosilin a kan abin da ke da katako a ƙarƙashi, C2 mai S1 ake nema. Mai sa tayil na gilashi ko farin marmara ya nemi farin gam, don mai ruwan toka yana nunawa ta cikinsu.

Ruwa ake fara zubawa a bokiti, sannan gari, in ba haka ba busasshen gari ya maƙale a gindi. Buhun da na samu ya ce wajen mililita 250 ga kilo ɗaya, kuma na auna ne da sikeli da kofin awo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kwaɓin siminti kimar ido tana yawan kaiwa ga ruwa ya zarce. Kilo biyu na kwaɓa a karon farko. Bayan ya haɗu babu gudaji, na bar shi ya huta minti biyar, na sake juyawa ba tare da ƙara ko ɗigo ba. Hutun nan yana ba sinadaran da ke ciki damar jiƙa sosai. Kwaɓin da ya yi daidai yana tsayawa a cokali in an karkata shi, kuma in an ja haƙora a kansa kunyoyin suna tsayawa ƙyam, ba sa zubewa. In ya fara tauri a bokiti, ya mutu, zubar da shi ake yi. Ƙara masa ruwa yana dawo da laushin amma ba ya dawo da ƙarfin. Safar hannu ta roba wajibi ce, siminti jiƙaƙƙe yana cin fata a hankali, ba ka ji sai daga baya.

Cokalin da na yi amfani da shi haƙoransa milimita 6 ne, wanda ya dace da tayil mai santimita 10 zuwa 15. Ƙananan nan da ke zuwa manne a raga haƙori milimita 3 ko 4 ya ishe su, in ya fi haka gam ya ɓullo ta kowace tsaga. Na goge allon da soso mai ɗan danshi don ya rabu da ƙura, kuma kada ya zuƙe ruwan gam. Da gefen cokali mai santsi na fara shafa gam ina dannawa ya shiga jikin allon, sannan na ƙara na ja da haƙoran, cokalin a karkace wajen digiri 45, kunyoyin duk sun miƙe sun fuskanci waje guda. Jan gam a zagaye kamar bakan gizo yana da kyan gani, amma yana kulle iska a ƙarƙashin tayil. Miƙaƙƙun kunyoyi su ke ba iskar hanyar fita.

Rubu'in tebur nake shafawa a lokaci guda, daga tsakiya zuwa baki. Gam da aka shimfiɗa yana da minti 20 zuwa 30 kafin ya yi fata, in da zafi ko iska kuma bai kai haka ba. A rubu'i na biyu na tsaya daidaita sifesa, da na dawo na taɓa kunya da yatsa sai na ga bai manne mini ba. Na kankare wannan wurin na sa sabo. Tayil da aka ɗora a kan gam mai fata zai zauna kamar ya kama, alhali ɗorawa kawai aka yi.

Kowane tayil na shafa wa bayansa gam siriri, na ajiye, na danna, na ɗan tura shi gaba da baya ta gicciyen kunyoyin don su rushe su cike. Na uku da na sa, na ɗaga shi da gangan na duba bayansa. Abin da ake so a gani gam ne ya rufe kusan ko'ina, musamman kusurwoyi huɗu. A busasshen wuri ana yarda da kashi 80 cikin 100, inda ruwa ke zuwa kuma 95. Tebur ana ajiye masa abu mai nauyi da ƙarfi, wani lokaci a kusurwar tayil guda, saboda haka 95 na nema. Ɗiga gam gudaji biyar a bayan tayil, kamar yadda wasu ke yi don sauri, shi ke barin rami a ƙarƙashi, kuma a kan ramin tayil ke fashewa.

Inda tebur ya bambanta da daɓe shi ne nan. A ƙasa, tayil ya fi maƙwabcinsa tsawo da milimita ɗaya ba kowa zai kula ba. A tebur kofi zai yi rawa a kai, faranti ya yi ƙara, hannu ma yana jin sa. Bayan kowane tayil huɗu ko shida na ɗora miƙaƙƙen katako a kansu na bubbuga da gudumar roba a hankali, sannan na gitta dogon ƙarfe mai miƙaƙƙen baki daga bakin tebur zuwa baki, ina leƙen haske ta ƙarƙashinsa. Wanda ya nutse na ɗaga shi na ƙara gam, wanda ya taso na rage. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, bayan minti goma sha biyar ko ashirin taɓa tayil karya kamun da ya fara ne kawai. Sifesa kuma a tsaye na soka su, ƙafa ɗaya a cikin tsaga, biyu a kowane gefe, don su ciru da sauƙi. In an kwantar da su a mahaɗar kusurwa aka binne, abin cike zai yi siriri a kansu, siffarsu ta riƙa nunawa.

Kafin gam ya daskare na bi kowace tsaga da ɗan tsinke na kwashe wanda ya ɓullo. Aƙalla kashi biyu cikin uku na zurfin tsagar ya kamata ya zama fanko. In gam ya cike ta, abin cike ba zai samu wurin zama ba, zai yi fata ya ɓare, launinsa ma ya yi dabbare-dabbare. Aikin minti biyar ne yau, gobe kuwa sai da wuƙa da haɗarin gutsure tayil. Ragowar gam da ruwan wankin kaya ba a zuba su a magudana, suna daskarewa a cikin bututu. Na bar teburin awa 24 ba a taɓa ba. Gam gaba ɗaya, da na ƙarƙashin allo da na tayil, ya ci wajen kilo biyar.

Abin cike tsaga, wanda masu aikin ke ce wa girawut, iri uku ne. Akwai na siminti mai yashi, na tsagar da ta kai milimita 3 zuwa sama, yashin ne ke hana shi tsukewa ya tsage. Akwai marar yashi, na tsagar da ba ta kai haka ba, da kuma gilashi ko marmara mai sheƙi da yashi zai karce. Sai na ifoksi, wanda ake haɗa sinadarai biyu ko uku, ba ya shan mai ba ya shan tabo, kuma a gaskiya shi ya fi dacewa da teburin da za a riƙa zubar da abubuwa a kai. Aibinsa shi ne yana kamawa da sauri, in ya bushe a fuskar tayil fitar da shi azaba ne, ba na ba wanda bai taɓa cike tsaga ba shawarar ya fara da shi. Zallar farin siminti da ruwa, wanda ake yawan yi don araha, babu yashi babu sinadarin riƙo a cikinsa, yana tsukewa ya yi 'yan tsage-tsage kamar gashi, datti ya samu gida. Na ɗauki mai yashi, ruwan toka matsakaici. Fari yana dauɗa cikin 'yan makonni a tebur, baƙi kuma yana tona duk wani farin gishiri da siminti ya fitar.

Yawan da ake buƙata yana da lissafi. A tara tsawon tayil da faɗinsa a milimita, a raba da abin da suka bayar in an ninka su, a ninka da kaurin tayil, da faɗin tsaga, da 1.6. Nawa ya zama 200 a raba da 10,000, sau 8, sau 3, sau 1.6, amsar a kilo take fitowa, kusan 0.77, wato gram 770 a murabba'in mita. Teburin kashi uku cikin huɗu ne na murabba'in mita, ya ci ƙasa da gram 600. Na kwaɓa 700 a tashi ɗaya don launin ya zo iri ɗaya, bayan na girgiza busasshen garin, saboda launi yakan kwanta a ƙasan leda. Kaurinsa ya ɗan fi na man goge baki. Shi ma ya huta minti biyar, aka sake juyawa da hannu a hankali. Juyawa da inji da gudu yana cusa kumfa, kumfar ce ke zama 'yan ramuka kamar na allura a tsaga.

Na cire sifesa, na share tsagogin, na toshe ratar da ke tsakanin tayil da katakon baki da nannaɗaɗɗen kwali don kada girawut ya shiga. Da faifan roba mai mariƙi na riƙa tura shi, faifan a karkace digiri 45, ina tafiya a gicciye daga kusurwar tayil zuwa kusurwa. In aka bi tsaga a miƙe, bakin robar yana faɗawa ciki ya kwashe abin da aka zuba. Dannawa ake yi da ƙarfi, ta wannan fuska da ta waccan, har tsagar ta ƙi karɓa. Sannan na miƙar da faifan kusan tsaye na kwashe ragowar, nan ma a gicciye. Wanda tayil ɗinsa na jan yumɓu ne marar sheƙi, ko dutse, sai ya shafa masa maganin toshe ƙofofi kafin wannan mataki, in ba haka ba launin girawut zai shige shi har abada.

Wankewa ita ce inda aka fi ɓata aiki, kuma da ruwa ake ɓata shi. Sauri ya haifi nawa: in ka sa soso da wuri, ka kwashe tsagar ta yi kwari. Na jira wajen minti 20, har fuskar tayil ta yi hazo, tsagar kuma in na danna da yatsa ta yi tauri ba ta manne ba. Bokiti biyu na ajiye, ɗaya na wanke soso, ɗaya na ɗauraya. Soson na matse shi har ba ya ɗiga. Zagayen farko a hankali na murza don in sassauta abin da ya manne, in kuma daidaita fuskar tsagogin. Zagaye na biyu ja ɗaya ne a gicciye, a juya soso, ja ɗaya, a wanke. Ja na biyu da fuska ɗaya mayar da dattin yake yi. Ruwan da ya yi yawa yana wanke launi da siminti daga saman tsaga, ya bar ta fara-fara, wani wuri duhu wani haske, in ta bushe kuma ka karta da farce ta zubo kamar gari. A tebur na bar tsagogin a cike, kusan daidai da fuskar tayil, don kwarin da ya yi zurfi matattarar datti ne. Bayan awa biyu na goge hazon da ya rage da busasshen ƙyalle mai laushi. In aka bar shi ya kwana biyu, sai da maganin wanki na musamman.

Siminti yana son ya riƙe danshinsa kafin ya yi ƙarfi. In rana ko iska ta busar da shi da wuri, ba ya kaiwa inda ya kamata. Na ajiye teburin a inuwa, na rufe shi da takarda, washegari na ɗan fesa masa ruwa kamar raɓa. Leda ba ta dace ba, tana tara gumi ya ɗiga a wasu wurare launin ya bambanta.

Ratar baki silikon na sa mata, mai launin girawut ɗin. Katakon baki zai ci gaba da motsinsa, kuma duk abin da ba ya miƙewa da aka cusa tsakaninsa da tayil zai tsage a shekarar farko. Na cire kwalin, na manna salatif a gefe biyu, na matsa silikon, na lallashe shi da yatsa mai ruwan sabulu a ja ɗaya, na ɗaye salatif tun yana ɗanye.

Bayan awa 72 na shafa wa tsagogin maganin da ke shiga cikin girawut ya hana shi shan ruwa da mai, da ƙaramin buroshi, na goge wanda ya hau tayil kafin ya bushe, na maimaita bayan na farkon ya sha. Gwajinsa ɗigon ruwa ne: in ya tsaya dunƙule a kan tsaga, maganin yana aiki, in ya nutse wurin ya yi duhu, lokacin sabuntawa ya yi. Siminti yana kai wa cikakken ƙarfinsa ne a wajen kwana 28, saboda haka a makonnin farko ruwa da ƙyalle kawai na yi amfani da su. Ko bayan nan, duk abin wanki mai asid yana cin girawut na siminti kaɗan-kaɗan. Teburin da zai zauna a waje kuwa, filawud ba nasa ba ne, sai shimfiɗar kankare ko allon siminti mai kauri a kan firam na ƙarfe, a kuma ɗan karkata saman don ruwa ya gangare.

Daga ƙarshe na bi tayil 72 ɗin ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da gindin sukudireba. Wanda ya kama sosai ƙararsa a toshe take, mai rami a ƙarƙashi kuwa yana amsawa kamar ganga. Ɗaya daga cikin yankakkun na ƙarshe ya amsa a kusurwa. Na kankare girawut ɗin da ke kewaye da shi tukuna, don kada bugun ya wuce zuwa maƙwabtansa, na huda tsakiyarsa, na fasa shi da ƙaramin cizal daga tsakiya zuwa baki, na kankare tsohon gam har allon ya fito, na yanka wani na sa. Cikin 80 da na saya, biyar suka rage. Na ɗaure su tare da gefen kwalin da ke ɗauke da lambar rukuni, ragowar garin girawut kuma na zuba shi a kwalba mai murfi, na rubuta yawan ruwan da na sa a jikinta.